Babura biyu, hanyar Mambila ɗaya

Tun ina yaro nake son babban babur. Kawuna direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana jigilar kaya daga Kano zuwa Damagaram da Agadas, kuma a bakinsa muka fara jin labarin Turawan tseren Paris-Dakar da ke ratsa Agadas a kan babura, ƙura ta yi musu buɗu-buɗu tun daga hula har takalmi. A ƙarshen Disambar 1978 aka fara tseren, kuma Bafaranshen da ya zo na ɗaya a karon farko, Cyril Neveu, Yamaha XT500 ya hau. Daga baya kamfanin ya fito da wani babur ya raɗa masa sunan hamadar Tenere ta Nijar. Abin da ya zauna mini a rai ke nan: ƙaton tanki, kujera can sama, inji mai kaurin murya. Shi ya sa da na tara 'yan kuɗina a 2019, na ƙudurta zuwa Mambila a kan babur in gaida Innata, ƙanwar mahaifiyata da ke aure a Nguroje, ko kallon ƙananan babura ban yi ba.

Sabon babban babur ya fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba, don haka sai na hannu. Wani dillali ya haɗa ni da wani ɗan Kwatano mai cc 650, silinda biyu, mai lagireto, fentinsa sai sheƙi yake yi. Kuɗin da na biya zai sayi sababbin ƙanana uku har da canji. Ranar da na je gani, na tarar an wanke shi an jingine a inuwa. Mai shi ya taɓa maɓalli sau ɗaya ya tashi, na zagaya unguwa da shi sau biyu, na dawo na ce a yi ciniki. Daga zuwana har biyan la'ada bai kai awa ɗaya ba.

Kwana biyun farko na tafiyar, in faɗi gaskiya, ban taɓa jin daɗin hawan babur kamarsu ba. Daga Kano na bi ta Ningi na faɗa Bauchi, na kwana a Gombe. Washegari na wuce duwatsun Kaltungo, na haye gadar Binuwai a Numan, kafin magariba ina Jalingo. Tirela ba ta tsare mini hanya, da na murɗa na wuce ta. Ramin da zai girgiza ƙaramin babur, wannan haɗiye shi yake yi. Duk wanda ya ce maka babban babur ba shi da amfani a doguwar kwalta, bai hau ba ne.

A rana ta uku, bayan na wuce Bali na nufi Serti, sai fitilun gabana suka fara dusashewa. Injin ya yi tari sau biyu uku, ya mutu. Na danna maɓalli, ko ƙyas. Shi kuwa irin wannan ba shi da abin tayarwa da ƙafa. Wasu samari suka taya ni tura shi zuwa gindin wata bishiya inda wani dattijon bakanike ke aiki, ƙananan babura sun kai goma a gabansa. Ya cire kujera, ya sunsuna, ya zaro wata 'yar na'ura mai haƙarƙarin ƙarfe wadda wayoyinta suka narke.

"Alhaji, rektifayarka ce ta ƙone, ta daɗe tana shan wahala. Dubi nan, an taɓa yanke wayar an ɗaure da salatif."

Na ce, "To Baba, a sa wata mana."

Ya nuna mini wata igiya da ya rataye kayan gyara, akwai rektifaya sun fi biyar a jiki. Ya ce, "Duk na waɗannan yaran ne. Taka wayoyinta sun fi yawa, wutarta ta fi ƙarfi. In na maƙala maka ɗaya a cikinsu, na cuce ka."

Ita wannan na'ura aikinta shi ne ta mayar da wutar da inji ke haifarwa irin wadda batir zai iya sha, ta kuma hana ta wuce kima. In ta mutu, babur zai ci gaba da tafiya da abin da ya rage a batir har ya ƙare, sannan ya tsaya cik. Mutum biyar muka ɗaga shi muka sa a bayan a-kori-kura zuwa Jalingo, don da mai da kaya ya haura kilo 200. Aka yi waya Legas, aka sako wata a motar dare, ta zo bakinta bai yi daidai ba. Aka sake aikawa. Kwana tara babur ɗin yana ajiye. Ni kuwa mota na shiga na hau Mambila, ina zaune a matse a kujerar baya ina kallon ƙananan babura suna hawa tsaunin da buhunan masara bibbiyu.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ban ga laifin na hannu don ya tsufa ba, abin da ya ci mini rai shi ne duk alamun suna nan ranar ciniki, ni ne ban san inda ake dubawa ba. Da na dawo Kano na zauna da bakaniken da ya saba da manyan babura, muka bi shi gaɓa-gaɓa, ya nuna mini abin da ya kamata in yi tun farko.

Na farko, da na isa na sa hannu a jikin injin, da na ji da ɗumi. An riga an tayar da shi kafin in zo. Injin da ya gaji, da sanyin safiya yake tona kansa: ya yi ta gardama kafin ya tashi, ya yi ƙarar ƙarafa, ko salansa ta fitar da shuɗin hayaƙi, wanda ke nuna yana cin baƙin mai. Yanzu duk wanda zan raka sayen na hannu, sai mun ce wa mai shi kada ya taɓa shi, mu je da sassafe. Sai batun wuta. Akwai 'yar mitar awo mai araha da masu gyaran rediyo ke riƙewa. In aka ɗora ta a kan batir inji na aiki, ya kamata ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Awon minti ɗaya ne, kuma da na yi shi, da na tsira daga kwana taran nan. Tayoyin ma da na gani da zanensu raɗau, ashe tsofaffi ne. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Nawa sun nuna 2011. Shekara takwas, robar ta bushe ta fara tsattsagewa a cikin zanen, kuma a kansu na yi ta gudu daga Kano har Taraba. Allah ne ya kiyaye.

Agogon kilomita kuwa kada ka ba shi gaskiya shi kaɗai, ana juya shi. Dubi robar matakin ƙafa da ta hannu, su ba sa ƙarya. Dubi haƙoran da sarƙa ke hawa, in sun yi tsini sun karkace kamar ƙaya, sun gama aiki. Shafa sandunan shokozoba na gaba ka ji ko mai na tsattsafowa. Ɗaga tayar gaba ka juya kan babur ɗin hagu da dama a hankali, in yana sarƙewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya tafi. Leƙa ƙarƙashin tanki ka nemi sabon walda a jikin ƙashin babur, don wanda ya taɓa karyewa a haɗari ba ya komawa daidai. Sannan lambar inji da ta shasi su yi daidai da abin da ke cikin takardu, harafi da harafi, har da takardar kwastan. Bayan duk wannan, ka bar akalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka a aljihu, domin taya, sarƙa, batir da birki suna jiranka ko da babur ɗin lafiyayye ne.

Na gyara shi na sayar da asara. Na daɗe kafin in sake tunanin doguwar tafiya, kuma da na tashi, igiyar dattijon nan ce ta yi ta dawo mini a rai. Sai na daina tambayar wane babur ne ya fi ƙarfi, na koma tambayar wane ne kayansa ke rataye a ƙauyen da ya fi nisa a hanyata. Daga Kano zuwa Gembu, babban garin Mambila, ya haura kilomita 1,000, kuma kusan duk inda ka tsaya a tsakani, Bajaj da TVS da 'yan Sin irin su Haojue da Jincheng za ka gani. Kayansu daga Nnewi da Legas suke shigowa har lungun da mota ba ta zuwa. A 2022 na sayi Boxer mai cc 150, sabo dal a kwali.

Wani abokina ya ce me ya sa ban nemi na hannu a cikin ƙananan ba, tunda sun fi araha. Dalilina shi ne ƙaramin babur a ƙasar nan ba ya hutawa. Yawancin waɗanda ake kawowa kasuwa sun yi acaɓa ko dakon kaya shekara biyu uku, safe da dare, an buɗe injin an sake ringi ba sau ɗaya ba, sannan a fesa musu fenti. Ratar kuɗin da ke tsakaninsu da sabo ba ta kai haɗarin ba. A babban babur dole ce ke kai irina ga na hannu. A ƙarami babu wannan dolen.

Sabo ma yana da nasa aikin. A wargaje yake zuwa, yara ne ke haɗa shi a bakin shago cikin sauri, don haka na tsaya a kansu har aka gama, na wuce da shi wurin bakanikena ya sake bin kowane noti. Na yi wata guda ina lallaɓa shi a cikin gari ba tare da na ƙure masa maƙogwaro ba, na juye baƙin mai da wuri don ya fitar da garin ƙarfen sabon inji. Na kai kujera wurin mai ɗinki ya ƙara soso, aka yi mini waldar ƙarfen ɗaura kaya a baya, na sa wurin cajin waya. A jaka na zuba tiyub biyu, fulogi, wayar kuloci, mahaɗin sarƙa, famfon iska da sifana. Dukkansu ba su kai kuɗin rektifayar nan guda ɗaya ba.

Tafiya ta biyu kwana huɗu ta ɗauke ni, kuma ba zan ɓoye wahalarta ba. Tsakanin 70 da 80 nake riƙe shi, fiye da haka hannuwa su fara zuga. In tirela ta taho sai in sauka gefe in ba ta hanya, iskarta kaɗai tana iya ture ka. Duk bayan awa ɗaya da rabi ina tsayawa in miƙe baya, in bar injin ya sha iska tunda ba shi da lagireto. Wanda zai ɗauki iyalinsa a baya, ko wanda hanyarsa kwalta ce lafiyayya daga farko har ƙarshe, ba zan hana shi babba ba in yana da bakaniken da ya san shi, kuma zai iya ɗaukar kayan gyaransa a jaka. Amma ta fannin mai babu haɗi. Tankina lita 11 ne, kuma lita ɗaya tana kai ni kusan kilomita 40, ninki biyu na abin da babban ke ba ni. A lokacin ban ɗauki wannan da muhimmanci sosai ba, sai da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Inda babu gidan mai kuma, man 'yan bumburutu na cikin kwalba ba ya tayar masa da hankali. In datti ya shiga, kowane yaron bakanike zai kwance kafireta ya wanke cikin minti goma.

Akwai kuma abin da ban yi tsammani ba, wato sauƙin shingayen bincike. Rasit da sunana, lamba sabuwa, hular kwano a kaina, sai a duba a ce Allah ya kiyaye hanya. Duk da haka nakan tambayi direbobi a tasha kafin in shiga kowane gari, saboda dokar babur ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Maiduguri tun 2011 aka hana hawansa a cikin gari, wasu wuraren kuma da an yi magariba ba a yarda a gan shi a hanya ba. Ban taɓa bari duhu ya same ni a daji ba.

Kusa da Garba Chede ƙusa ta shiga tayar baya. Ban yi tafiyar minti biyar ina turawa ba na samu mai faci. Da na wuce Bali na tsaya a gindin bishiyar nan da gangan. Dattijon bai gane ni ba sai da na tuna masa. Ya zagaya babur ɗin, ya ƙwanƙwasa tanki, ya ce, "Yanzu ka zo gida, Alhaji." A wurinsa na juye baƙin mai, ya ɗaure mini sarƙa, ya ce in na zo gangarowa kada in dogara da birki, in sa giya ta biyu in bar inji ya riƙe ni, don birkin da ya yi zafi sakin mutum yake yi.

Daga Mayo Selbe hawan ke farawa. Hanyar tana naɗewa a jikin dutse, kwana bayan kwana, rami a gefe ɗaya. Tudun Mambila ya kai wajen mita 1,600, kuma da ka yi sama iska na yin sirara, injin ya rage ƙarfi har ka ji a hannunka. Da giya ta biyu na hau mafi yawansa, wani wurin ta ɗaya, yana kuka amma bai tsaya ba. Da na fito saman sai ga ciyawa shar har iyakar gani, shanun Fulani a kan tuddai, hazo na bin ƙasa, sanyi ya ratsa rigar da na taho da ita daga Kano. Bayan la'asar na shiga Nguroje. Inna na tsakar gida tana hura wuta ta ji tsayuwar babur, ta leƙo, ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Kai ɗan nan, a kan wannan ka taho tun daga Kano?" Na ce a kansa, Inna. Ta ce in shigo da shi zaure kada raɓa ta jiƙa shi, ta koma ta ɗora ruwan shayi.