Mako na uku da kalandar Outlook: ƙ da ɗ sun kusa kayar da ni

'Yan'uwana masu koyon rubuta manhaja, ga inda aka kwana a aikin da na sa a gaba. Ina aiki a ofishin wani kamfanin dakon kaya a Apapa, Legas, kuma kowace Litinin nakan kwafe jadawalin lodin motoci daga Excel zuwa kalandar Outlook da hannu, ina kaurara sunan direba da lambar mota domin mai duba ƙofa ya gan su da kallo ɗaya. Burina shi ne kwamfuta ta ɗauke mini wannan wahala, don haka nake zama da VBA, harshen rubuta manhaja da ke cikin Excel da Outlook, da daddare a gida a Agege, gwargwadon abin da cunkoson hanya da batirin kwamfuta suka rage mini.

Ƙirƙirar alƙawarin kansa, wato abin da ake shigarwa a kalanda, bai ba ni wuya ba. Na buɗe editan da Alt+F11, na kira CreateItem da olAppointmentItem, na cika Subject da Start da Duration, sai ga shi ya bayyana a kalanda. Kuskurena shi ne zaton da na yi cewa alƙawari da saƙon imel duk ɗaya ne. Saƙo yana da HTMLBody, inda mutum zai zuba HTML ya sami rubutu mai kauri da launi, amma alƙawari ba shi da ita, kuma da na zuba alamomin HTML a cikin Body, sai suka fito tsirara yadda na rubuta su, domin Body ba ta karɓar komai sai rubutu zalla.

Daga nan na koma ga RTFBody, wadda aka shigo da ita a Outlook 2010. Ita ba jimla take karɓa ba, jerin bayit take so, shi ya sa ake bi da rubutun ta StrConv tare da vbFromUnicode. Ƙa'idar RTF, wato tsarin alamomin ƙawata rubutu da RTFBody ke amfani da shi, ba ta da tsanani: \b yana fara kauri, \b0 yana rufe shi, \par yana buɗe sabon sakin layi. Gwajin farko da na yi da lambar mota kaɗai ya fito tsaf, har na fara murna.

Murnar ta koma ciki lokacin da na gwada bayanin gaske, wanda da Hausa muke rubuta wa direbobinmu. Jimlar da ke cewa "Ƙarfe bakwai, a ɗauko kaya daga ƙofa ta biyu" ta dawo "?arfe bakwai, a ?auko kaya daga ?ofa ta biyu". Dare biyu na yi ina zargin Excel, alhali ba ruwansa. Dalilin shi ne vbFromUnicode tana mayar da rubutu zuwa tsohon tsarin haruffa na Windows, wanda a kwamfutata shi ne 1252, kuma a cikinsa babu gurbin haruffanmu masu lanƙwasa. Maganin yana cikin RTF ɗin kansa, wato a rubuta kowane irin wannan harafi da lambarsa: ƙ ta zama \u409?, ɗ ta zama \u599?, ɓ kuma \u595?. Alamar tambayar da ke biye ba kuskure ba ce, ita ce abin da manhajar da ba ta gane lambar ba za ta nuna a madadin harafin. Da farko na maye gurbin haruffan uku ɗaya bayan ɗaya, ina kiran su da ChrW saboda editan VBA ma ba ya riƙe su, sai na manta da babbar Ƙ, wadda lambarta 408, kuma ita ce farkon kusan kowane bayani namu. A ƙarshe na rubuta ɗan aiki (function) da ke bin rubutun harafi-harafi yana karanta lambar kowanne da AscW, duk wanda lambarsa ta wuce 127 ya sauya shi.

Akwai hanya ta biyu da na gwada a ƙarshen mako. Tun daga Outlook 2007 injin Word ne ke kula da wurin rubutu, don haka GetInspector.WordEditor yana miƙo takardar Word sukutum, a saka rubutu da InsertAfter, a kaurara shi da Font.Bold, kuma ƙ da ɗ su wuce lafiya ba tare da wata dabara ba. Sai dai a wurina tsarin bai zauna ba sai da na buɗe tagar alƙawarin da Display kafin adanawa, kuma tagogi suna ta buɗewa suna rufewa ga kowace mota abin gajiya ne. A ganina RTF ta fi dacewa da gajeren bayani mai yawan maimaituwa, Word kuma a bar shi ga ranar da ake bukatar tebur.

Abin da ke gabana yanzu shi ne sabon Outlook ba ya gudanar da VBA ko kaɗan, kuma an fara maganar mayar da mu kansa a ofis. Microsoft Graph, hanyar da manhaja ke bi ta intanet ta isa kalandar Outlook, yana karɓar jikin alƙawari a matsayin HTML kai tsaye, don haka can zan nufa a mako mai zuwa, kuma jimlar ƙarfe bakwai ɗin nan ce zan fara gwada shi da ita.