Takardar ungozoma ba shahadar haihuwa ba ce

Har yau raina na sosuwa idan na tuna yadda aka mayar da mu daga ƙofar wata makaranta a Gadarif, a ƙasar Sudan, ni da yayata da jikokinta biyu. Daga garin Madani muka gudo saboda yaƙi a Disambar 2023. Yaya ta bar katifa da tukwane, amma takardun yaran ta ƙulle su a leda ta soke a ƙugu.

Na ce, "Yaya, miƙo shahadar." Ta warware ledar tana cewa, "Ga ta nan, ko ruwa bai taɓa ta ba." Ashe katin rigakafi ne, sai 'yar takardar da ungozoma ta rubuta ranar haihuwa. Shekara da shekaru ba wanda ya gaya mata ana kai ta a yi rajista, sannan a karɓo shahada, wato takardar shaidar haihuwa ta hukuma.

Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, Dokar Yara ta 2010 kuma ta ce a yi wa kowane yaro rajista. Na sha zama tarukan ƙungiyoyi ana karanta mana wannan, a raba shayi, a ɗauki hoto. Ban taɓa jin wanda ya ce mu je gida mu buɗe ledojin iyayenmu ba.

Da yake ungozomar ba a san inda yaƙi ya jefa ta ba, sai tasnin, wato likita ya dubi yaro ya ƙiyasta shekarunsa. Aka ba yaran duka 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. Kada ku ɗauka wasa ne: a dokar nan, yaron da bai kai 12 ba ba a tuhumarsa da laifi, wanda bai kai 18 ba kuma ba a yi masa shari'ar manya. Shekara ɗaya da aka ƙara masa da ka tana iya cin sa. Mu Hausawa ga ƙarin wahala, ana jin sunan kaka sai a ce kawo shaidu.

Yanzu duk barkar da na je, kafin in karɓi jinjiri sai na tambayi mai jego shahada. In akwai, in ɗauki hotonta a waya in tura wa mutum biyu a WhatsApp. In takardar ungozoma ta nuna mini, gobe da sassafe muna kan layin yin rajista.