Hablo ko habló: a ƙarshe kunne ya fara rarrabewa

'Yan uwa masu fama da Sifaniyanci ta hanyar sauraro, albishirinku. Abin nan da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya ya warware, kuma yanzu na san daga inda matsalar take. Ina nufin rarrabe hablo da habló a bakin mai magana da sauri. A takarda kowa gwani ne, tunda alama na nan a kan wasalin. A kunne kuwa, "ina magana" da "ya yi magana" sai su zama abu ɗaya: mai aikin ya canza, lokacin ya canza, labarin ya rikice. Ga shi kuma masu harshen sukan yar da yo da él, wato "ni" da "shi", su bar aikatau tsirara, don haka in gaɓar nan ta kuɓuce maka babu abin da zai cece ka.

Tushen abin a kunnenmu yake. Bahaushe karin sauti yake bi, duk inda murya ta hau nan hankalinsa yake tafiya. To a tsakiyar jimlar Sifaniyanci murya takan fara hawa a kan gaɓar da aka danna, amma ba ta kai ƙololuwa sai a gaɓar da ke biye. Ku saurari "hablo con mi madre todos los días" da kyau. Dannawar tana kan ha, amma sautin da ya fi tsini yana faɗawa kan blo. Nan take kunne ya ce habló ne, ka fara neman wane ne ya yi magana da mahaifiyar, alhali mai maganar kansa yake nufi. A tambaya abin ya fi muni, domin a tambayar da amsarta e ko a'a ce ƙarshen jimlar yakan hau. ¿Pago? da ¿Pagó? duka sama suke ƙarewa, ɗaya na nufin "in biya?", ɗayan "ya biya?". Wallahi wannan ya ba ni takaici ba kaɗan ba, don ƙa'idar na haddace ta tuntuni, kunnen ne ya ƙi ba da haɗin kai.

Maganin shi ne a daina bin hawan murya a koma bin tsawo. Wannan ma muna da kunnensa, shi ne yake raba mana garin da ake zama da garin tuwo. Wasalin da aka danna a Sifaniyanci ya ɗan fi tsawo da ƙarfi, bai kai dogon wasalinmu ba, amma ana ji. A hablo, a ɗin ce ke da jiki, o ɗin gajeriya ce, tana ma narkewa cikin kalmar gaba in ta fara da wasali, kamar a "hablo español". A habló kuwa ha ɗin ake tsallakewa da sauri a zauna a kan o.

Ga yadda nake atisayen. A yanko magana ta daƙiƙa 30 zuwa 40, kada ta wuce haka, kuma ta mutum ɗaya mai ba da labarin abin da ya faru, domin nan ne lokuta ke cakuɗuwa. Hirarrakin Radio Nacional de España sun dace. Labaran Telediario na gidan talabijin na Sifen sun cika tsabta, kuma kusan duk a kan wani ake magana, ba za ka samu "ni" da "shi" suna musayar wuri ba. A saka a manhajar VLC, a yi amfani da maimaita A zuwa B. Saurare na farko don ma'ana kawai. A na biyu a rubuta aikatau zalla, kowanne a ja layi ƙarƙashin gaɓar da aka ji ta fi tsawo. A na uku a rubuta abu biyu a gefen kowanne: wa ya yi, yaushe. Sai bayan haka a buɗe rubutaccen zancen. Wanda ya duba rubutu tun farko idonsa ne zai amsa, kunnen bai koyi komai ba.

Gudun sauti kada ya sauka ƙasa da 0.75. A 0.5 kowace gaɓa miƙewa take yi, bambancin tsawon da ake nema ya dushe. Rubutun da YouTube ke fitarwa da kansa ma ba abin jingina ba ne a nan, yakan yi tuntuɓe a daidai inda muke yi.

Da kunne ya fara kamawa, sai tarkunan suka bayyana ɗaya bayan ɗaya. Na farko aikatau marasa bin ƙa'ida: dijo, hizo, puso, tuvo, vino, quiso. Duk shuɗaɗɗen lokaci ne na "shi", amma dannawarsu a gaɓar farko take, o ɗin ba ta da nauyi. Wanda ya riƙe cewa o mara nauyi "ni" ce zai faɗa rami. Waɗannan ta tushensu ake gane su: digo da dijo, pongo da puso, tengo da tuvo. Na biyu hablamos da vivimos, waɗanda yanzu da jiya duk ɗaya suke, babu dannawar da za ta raba su, sai dai ayer (jiya) ko siempre (kullum) ko sauran zancen. A cikin masu bin ƙa'ida, aikatau masu ƙarewa da -er ne kawai suka tausaya mana da comemos da comimos. Kada kowa ya ɓata lokaci yana maimaita hablamos yana neman bambancin da babu shi.

Tsarin da na shimfiɗa shi ne in gama shuɗaɗɗen lokaci kafin in taɓa subjuntivo, wato siffar aikatau ta fata, buƙata ko sharaɗi, amma wannan ya riga ya rushe. Hablé (na yi magana) da hable ta subjuntivo a jimla ɗaya suke zuwa, haka hablará (zai yi magana) da hablara ta subjuntivo, ba yadda za a yi a koyi ɗaya a ajiye ɗaya. Abin da ke taimakawa shi ne kalmar da ta gabata. In ka ji "quiero que", "para que" ko "ojalá", shirya kunnenka ga hable. In ka ji si a farkon sharaɗi, hablara ce, domin ba a sa hablará bayan si ta sharaɗi. Yanzu nakan tsinkayi siffar kafin ta iso, kuma ina alfahari da wannan ƙwarai.

Gargaɗi ga masu sauraron 'yan Ajantina da Uruguwai: su vos suke cewa a madadin tú, wato "kai" ko "ke", kuma hablás, tenés suke furtawa da dannawa a ƙarshe, alhali lokacin yanzu ne. A bar su tukuna har kunne ya zauna a kan Madrid ko Meziko.

Data ta ci kuɗi sosai lokacin da nake yi da bidiyo, ga shi kallon baki da fuska yana rage wa kunne aiki. Sauti zalla a 64 kbps bai wuce MB 29 a awa ɗaya ba, kuma ya wadatar. A sauke sau ɗaya a yi ta yanka. Inda bai kamata a yi rowa ba shi ne iyafis. A lasifikar waya s ta ƙarshe takan kuɓuce mini, tiene da tienes su zama ɗaya, ka rasa ko tú ake cewa ko usted ta girmamawa.

A kan wannan s ɗin nake maƙale yanzu. Mutanen Andalus, Kanari da Kuba sukan mayar da ita huci ko su yar da ita gaba ɗaya, sai ka ji "¿cómo etá?" a wurin "¿cómo estás?", las casas kuma ta kusa zama la casa. A nan iyafis mai kyau ma ba ya magani, tunda daga bakin mai maganar ta ɓace. Abin da nake gwadawa shi ne bin jam'in a jikin aikatau, son ko es, están ko está, da kuma kula da lo a wurin da ya kamata a ji los. Yana aiki in mai maganar dattijo ne mai natsuwa. In matasa biyu suna gardama, har yanzu rabi yana wuce ni. Duk wanda ya samu dabarar da ta fi wannan, don Allah ya kawo mana ita da misalin jimlar da ya gwada a kai.