Yadda musu da yayana ya jefa ni bin diddigin sunan Attenborough

Toh abin dai daga musu ya fara, irin musun da baya kawo ko sisi. Muna zaune ni da yayana muna kallon shirin namun dajin nan da dattijon baturen nan David Attenborough yake magana a kai, muryar nan tasa ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kar zaki ya farka, sai yaya yace wai shi tunda yake bai taɓa jin wani mai wannan sunan ba sai shi kaɗai, ƙila ma sunan aiki ne ya laƙaba wa kansa. Nace haba Yaya, ai yana da wa, Richard, ɗan fim ne, ya rasu 2014. Yace toh su biyu kenan, kawo na uku. Na buɗe baki na rufe. Shikenan fa, daren nan ban kwanta da wuri ba, kuma abin da na ɗauka aikin minti goma ne sai da ya ci min kusan wata guda ina yi ina ajiyewa.

Kuskuren farko tun kafin in taɓa wata takarda na tafka shi. Na ɗan karanta cewa a tsohon Turancin Ingila akwai kalmar atten, ma'anarta kamar kace "a wajen kaza", kuma sunaye irin su Nash da Noakes daga nan suka fito, wato mutumin da gidansa yake gindin wata bishiya, harafin n na ƙarshen kalmar ya manne wa sunan bishiyar ya zauna. Ai kuwa ina ganin haka nace na gano, Attenborough kenan mutumin da yake zaune wajen ganuwa ko wajen gari, har na turawa yaya saƙo da gadara. Kwana biyu ina wannan alfaharin. Ashe ƙauye ne sukutum mai wannan sunan, yana nan a yankin Nottinghamshire bakin kogin Trent, kudu maso yamma da birnin Nottingham, kuma masana sunayen garuruwa sun ce asalinsa sunan wani mutum ne na zamanin da, Adda ko mai kama da haka, aka haɗa shi da burh wato wuri mai kariya, kamar dai kace ganuwar wane. Babu ruwansa da fassarar da na ƙirƙiro. Tun daga ranar na daina fasa suna gida-gida da kunne, dan kunne yana da saurin yarda, duk abin da ya yi kama da ma'ana sai ya karɓe.

Abin da ya ƙara kama ni shine mahaifin su David ɗin, Frederick Attenborough, a Stapleford aka haife shi 1887, kuma Stapleford mil kaɗan ne tsakaninsa da wancan ƙauyen. Ka duba fa, sunayen gado a Ingila sun fara kama ƙasa ne bayan zuwan Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi, a 1066, zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun riga sun samu nasu, kenan ɗaruruwan shekaru sun wuce amma gidan bai yi nisa da inda sunan ya tsiro ba, tafiyar ƙafa ce. Shi Frederick ɗin daga baya ya shugabanci kwalejin da ta zama jami'ar Leicester daga 1932 zuwa 1951, har yanzu akwai dogon gini mai sunansa a can. Shi kuma David a 1966 shi ya buɗe gandun tsuntsaye da ke ƙauyen Attenborough ɗin. Wannan kam ya min daɗi, mai suna ya koma garin suna.

Sai maganar yawa, nan ne na sha wuya. Kana rubuta sunan a Google shafuka zasu fito maka reras, wannan yace mutum kaza ne a duniya, wancan ya kawo wani adadin daban, har da taswira mai launi da kaso cikin ɗari mai ɗigo biyu a baya, abin gwanin ban sha'awa kamar sun bi gida-gida sun ƙirga. Da farko na kwafe na ajiye. Da na zo duba daga ina suka samo sai naga yawanci basa faɗa, wasu kuma kiyasi ne daga littafin lambobin waya da rajistar zaɓe da makamantansu aka ninka. Ga suna irin Smith wannan ba matsala bane, a ƙidayar Amurka ta 2010 masu shi sun haura miliyan 2.4, ko ka yi kuskuren dubu goma babu wanda zai lura. Amma sunan da masu shi 'yan tsiraru ne, gida ɗaya mai 'ya'ya takwas ya tashi daga wannan ƙasa ya koma waccan sai kaga taswirar ta canza launi, har shafin ya rubuta maka wai ƙasa kaza ce ta biyu a yawan masu sunan. Gida ɗaya ne fa jama'a.

Ita kanta hukumar ƙidayar Amurka sunan da ya bayyana sau 100 ko fiye kawai take fitarwa, a 2010 sunaye 162,253 ne suka cika wannan sharaɗin, alhali jimillar sunayen da aka rubuta sun kai wajen miliyan 6.3, kuma fiye da rabinsu sau ɗaya tak suka fito, da yawa a ciki kuskuren rubutu ne kawai. Kenan ainihin sunayen da suka fi ƙaranci su ne ma babu su a jerin.

Dole na koma takardun asali, kuma anan Ingila ta yi wa mai bincike gata. Tun 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, a 1837 gwamnati ta fara nata rajistar na haihuwa da aure da mutuwa, ƙidayar 1841 kuma ita ce ta farko da aka rubuta sunan kowa da kowa a faɗin ƙasar. Ta 1881 ana iya bincika ta kyauta a shafin binciken zuriya na FamilySearch, jerin haihuwa da mutuwa kuma akwai shafin FreeBMD da masu sa kai suka kwafe. Na buɗe Excel na fara zubawa, suna, shekaru, gari, sana'a. Abin da ya fito fili tun ban yi nisa ba shine Nottinghamshire da maƙwabciyarta Derbyshire su suka kwashe kaso mafi tsoka, sai wani reshe a Landan, can ma akwai masu sunan da suka yi fice a harkar jingina da sayar da kayan gwal, har da shago a titin Fleet.

Wani dare ne na kusa jefar da wayar. Ina da mutum biyu a layi na sama da na ƙasa, suna ɗaya, ƙauye ɗaya, sunan mata ɗaya, amma a takardar 1841 ɗaya yana da shekara 35, a ta 1851 ɗayan yana da 49. Nace toh shekara goma ce tsakani, ai 45 ya kamata, kenan mutum biyu ne, ƙila 'yan uwa ne da suka auri masu suna iri ɗaya, har na fara zana musu reshe biyu a takarda da biro ja da baƙi. Sai can wajen ƙarfe ɗaya na ci karo da bayanin cewa a ƙidayar 1841 an ce wa masu ƙidaya duk wanda ya haura 15 a rage shekarunsa zuwa biyar ɗin da ke ƙasa, mai 39 a rubuta 35, mai 24 a rubuta 20. Mutum ɗaya ne wallahi, ni na raba shi biyu na kuma ba kowane rabi zuriya. Na koma sama na duba, ashe ba shi kaɗai na yi wa haka ba. Ita 1841 ɗin ma bata faɗin garin haihuwa, kawai eh ko a'a ne kan ko a wannan yankin aka haife ka, sai daga 1851 aka fara rubuta gari.

Ga kuma rubutun sunan kansa. Mai ƙidaya abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, mutanen da yawa basu iya karatu ba balle su gyara masa, shi kuma wanda ya zo kwafewa cikin kwamfuta bayan shekara ɗari yana fama da rubutun hannu mai kama da tafiyar tsutsa. Sai kaga Attenborrow, kaga Attenburrow, wani ya gajarce ya tsaya a Attenboro. In ka nemi rubutu ɗaya kawai ka zubar da rabin dangi baka sani ba. Dabarar da ta cece ni ita ce in rubuta farkon sunan in sa alamar tauraro a bayansa in bar injin ya cike sauran. Mata kuwa abin tausayi, yarinya tana nan a takardar bana, bayan shekara goma ta yi aure ta ɗauki sunan miji ta ɓace daga lissafi kamar ba'a taɓa yinta ba, sai in ka bi ta rajistar aure ka kamo ta.

Wannan ɓacewar matan ita ta kai ni ga tambayar me yasa ma wani sunan yake ƙaranci. Ashe tun 1873 wani masani ɗan Ingila Francis Galton ya jefa wannan tambayar a wata mujalla, wani limamin coci masanin lissafi Henry William Watson ya amsa, suka fitar da takarda tare kan yadda sunayen gidaje suke ƙarewa. Lissafin mai sauƙin fahimta ne, inda suna ta wajen ɗa namiji kawai yake wucewa, duk gidan da aka haifi mata zalla ko ba'a haihu ba reshen ya tsaya nan, ko da kuwa jikoki ta wajen matan sun cika gari. Watson har ya zarce yace kowane suna ƙarshensa mutuwa, daga baya aka gano ya yi kuskure a nan, in jama'a na ƙaruwa wasu sunayen suna tsira. Amma dai sunan da ya fara daga mutum ɗaya a ƙauye ɗaya kullum a bakin rami yake tafiya, annoba ɗaya ko zuriya biyu marasa maza sun isa.

Inda na fi jin daɗi shine da na iso kan aikin da masana ƙwayoyin gado Turi King da Mark Jobling suka yi a jami'ar Leicester, eh waccan dai da baban su David ya shugabanta, ita Turi King ɗin ce ma ta jagoranci gwajin DNA na ƙasusuwan sarkin Ingila Richard na uku da aka tono a wajen ajiye motoci a 2012. Tunaninsu shine kiromosom Y, wato ƙwayar gadon da maza kaɗai ke da ita, daga uba yake zuwa ɗa, sunan gado ma haka, toh ya kamata su riƙa tafiya tare. A binciken da suka fitar 2009 sun gwada maza 1,678 masu sunaye 40. Masu suna Smith kowa da nasa tsatson, dama maƙeri ake nufi kuma kowane gari da maƙerinsa. Amma Attenborough, kashi 87 cikin ɗari na waɗanda aka gwada tsatso ɗaya suka fito, kaka ɗaya can baya. Sauran kashi 13 ɗin kuma ba sai an yi wa kowa mugun zato ba, akwai ɗan riƙo, akwai agola da ya ɗauki sunan mijin uwa, akwai wanda ya ɗauki sunan mahaifiyarsa, akwai kuma yiwuwar wani daban ya fito daga ƙauyen aka kira shi da sunan garin. Tun a wani aikinsu na baya sun nuna in ka ɗauko maza biyu masu suna ɗaya a Birtaniya, yiwuwar kakansu ɗaya wajen kashi 24 ne, in sunan mai ƙaranci ne sai ya tashi kusan rabi.

Shafukan nan na Google masu taswira suna kuma son su baka kason launin fata da ƙabila na masu suna, mutane kuma sai su ɗauka asali ake gaya musu. Misalin da ya warkar da ni daga wannan shine sunan Washington. Shima sunan wani gari ne a arewa maso gabashin Ingila, irin ginin Attenborough sak, amma a ƙidayar Amurka ta 2000 kusan kashi 90 na masu shi baƙaƙen fata ne, saboda tarihin bauta da sunayen da mutane suka ɗauka bayan samun 'yanci. Kason yana gaya maka su waye suke riƙe da sunan yau a ƙasa ɗaya, shikenan iyakarsa.

A ƙidayar 1921 na tsaya, ba dan na gaji ba. Ƙa'idar Ingila sai ƙidaya ta shekara ɗari ake buɗe ta, ta 1921 a farkon 2022 aka sake ta, ta 1931 ta Ingila da Wales gobara ta cinye ta a 1942, a 1941 kuma ana yaƙi ba'a yi ba, sai wata rajista ta 1939 da ake lallaɓawa da ita. Ta 1951 kuwa sai 2052 in da rai. Na tattara Excel ɗina na kai wa yaya, nace Yaya ga na ukun da kace in kawo, ƙaninsu ne ma John, ga kuma sauran nan ka ƙirga da kanka. Ya ja allon sama ya ja ƙasa, ya daɗe yana kallo, sai yace toh shi wancan da ka raba biyu ka tabbatar ka mayar da shi ɗaya? Nace na mayar. Yace sake dubawa dai, ga wasu Thomas guda huɗu nan a jere ban yarda da su ba.