Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ni da Ɗakin Ɗibar Jini

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda likita ya tabbatar mana cewa ciki ne, ba zazzaɓi ba. Laulayin ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba, amai ne da kwanciya da ƙin warin komai, duk wadda ta taɓa yi ta sani. Abin da ya fi tsaya mini a rai a watannin farko wata 'yar takarda ce da ba ta kai tafin hannu ba.

Ranar da na fara zuwa awo aka auna nauyina, aka duba hawan jini, aka buɗe mini kati. Da zan fita nas ɗin ta miƙo mini takardar ta ce, "Ki biya lab a ɗebi jininki, ki zo mana da sakamakon a awo na gaba." Na ce to. Na je har bakin ƙofar na leƙa. Mata ne jere a kan benci, kowacce ta naɗe hannun riga. A kan tebur akwai wani farantin ƙarfe da dunƙulen auduga a ciki, ɗaya da ɗigon jini a jikinta. Mai ɗibar jinin kuwa yana gamawa da wannan sai ya ce "Na gaba", hannunsa cikin safa ɗaya. Na ninke takardar na cusa a jaka, na kama hanyar gida.

Maigida da ya ji sai ya yi ta dariya. "Ke dai ki ce tsoron allura kike yi. Haihuwa fa ke gabanki." Na yi masa shiru, don na san ba zai gane ba. Ni zafin allura bai taɓa damuna ba. Abin da nake tsoro shi ne abin da ke jikin allurar.

Wannan tsoron yana da asali. Tun kafin in yi aure, Yayata ta je ba wa wata 'yar'uwarmu gudummawar jini, aka gwada ta aka ce ba za a karɓa ba, tana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Lafiyarta ƙalau a ido, ko ciwon kai ba ta cika yi ba. Likita ya ce da wuya a gane inda ta samo shi, wataƙila tun tana ƙarama ne. Amma a gidanmu kowa ya riga ya yanke hukunci: wani mutum ne da yake zuwa yi wa yara allura idan zazzaɓi ya kama su, da sirinjinsa guda ɗaya da yake ɗauraye wa a ruwan zafi. Umma har yau idan aka ambace shi sai ta ce, "Allah ya isa." Ko shi ne, ko ba shi ba ne, ni dai na tashi da cewa allura tana iya kawo cutar da ta fi wadda aka zo magani.

Da dare idan barci ya ƙi zuwa sai in ɗauki waya in yi ta karance-karance, abin da na gani kuma bai kwantar mini da hankali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai, mutanen da suka kamu da ciwon hanta nau'in B ta hanyar allurar da ba ta da tsafta sun kai miliyan 1.7, na nau'in C har zuwa 315,000, na ƙanjamau kuma har zuwa 33,800. Na kuma karanta cewa ƙwayar cutar hanta ta B tana iya kwana 7 da ranta a cikin busasshen jini a kan tebur ko ƙarfe. Saboda haka duk mai ce wa mace irina waswasi ne kawai ke damunta, bai yi mata adalci ba. Abin yana faruwa, har hukumar ta fito a 2015 tana kiran ƙasashe su koma amfani da sirinjin da ke kulle kansa da zarar an yi aiki da shi sau ɗaya.

A awo na gaba wata dattijuwar ungozoma na samu, mai gilashi a kan hanci. Ta buɗe katina ta juya gaba ta juya baya.

"'Yata, ina sakamakon jininki?"

Na fara kame-kame. Ta cire gilashin ta ce, "Kuɗi ne ko tsoro?" Na ce tsoro ne, na ba ta labarin Yaya. Na ɗauka za ta yi mini faɗa irin nasu. Sai ta ja kujera kusa da ni, duk da layin da ke waje.

Ta ce, "To ai ke ce kika fi kowa bukatar gwajin nan. Gida ɗaya kuka tashi da mai ciwon, kuma ba ki san matsayinki ba. Idan kina da shi ba mu sani ba, a wurin haihuwa jariri yake ɗauka. Babba idan ya kamu, yawanci jikinsa yana korar cutar. Jariri kuwa, cikin goma da suka kamu, wajen tara sukan rayu da ita har girma. Idan mun sani, mun san yadda za mu kula da ke, kuma ba za mu bari awa 24 ta wuce ba a yi masa rigakafi ba."

Daga nan ta bi takardar da bakin biro, layi bayan layi. Ƙanjamau: idan uwa na da shi ba ta shan magani, cikin jarirai 100 tsakanin 15 zuwa 45 sukan ɗauka, amma da magani abin yakan sauko ƙasa da 5. Tunjere, wani ciwo da ake ɗauka ta hanyar saduwa: yana iya zama a jikin mace shiru ba alama, ya jawo ɓari ko a haifi ɗa ba rai, alhali allurar fenisilin ke kashe shi. Yawan jini, don a san ko ya yi ƙasa. Rukunin jini, don idan jini ya ɓalle a wurin haihuwa kada a tsaya neman wane iri za a ƙara. Na suga kuma sai ciki ya kai tsakanin sati 24 zuwa 28.

Sai ta ce, "Hannunki ne, jininki ne. Ki buɗe ido ki kalli abin da ake yi, in kin ga abin da bai yi miki ba ki yi magana. Ba rashin kunya ba ne."

Yaya ce ta raka ni. Da na gaya mata ita ce dalilin gudun nawa, sai ta riƙe baki. "Ni da ke da ciwon, lokaci-lokaci sai an ɗebi jinina an duba hantar, ban gudu ba, sai ke? Tashi mu je."

Da layi ya zo kaina na zauna, zuciyata na dukan uku-uku. Saurayi ne mai ɗibar jinin, ga alama tun safe yake tsaye. Ina kallonsa ya gama da wadda ke gabana, ya ɗauki biro ya yi rubutu a jikin kwalba, wayarsa ta yi ƙara ya latsa ya kashe, duk da safar nan a hannunsa. Ya juyo ya ce, "Miƙo hannun."

Muryata na rawa na ce, "Malam, don Allah ka taimaka ka canza safar."

Ya ɗago ya dube ni. "Hajiya, kin ga layi kuwa?"

Yaya daga bakin ƙofa ta ce, "Mun gani, Malam. Ka yi haƙuri, cikin fari ne." Ya ɗan ja numfashi, ya zare safar ya jefa a kwandon shara, ya matso man tsaftace hannu ya murza har tsakanin yatsu, ya jira ya bushe, ya sa sabuwa. Ina ganin ya fahimci inda tsorona yake, don daga nan sai ya riƙa nuna mini komai ba tare da na tambaya ba. Ya ɗaga ledar allurar saitin idona: a manne take ta ko'ina, ga ranar da za ta daina aiki a rubuce. A gabana ya ɓare ta. Ya ɗaure mini dantse da roba, ya lalubo jijiyar, sannan ya ɓare wata 'yar leda mai ɗauke da audugar sifirit ya goge wurin. Bai soka nan take ba, sai da ya bari ya bushe, kamar daƙiƙa 30. Ya ce, "Sifirit sai ya bushe yake gama aikinsa, kuma idan na sake taɓa wurin sai na sake gogewa."

Allurar ta shiga, ya danna wata 'yar kwalba mai murfi shunayya a bayanta, jini ya tsarto ciki da kansa. An zuƙe iskar cikin kwalbar tun daga masana'anta, ita ke jawo jinin. Ya canza wata mai jan murfi. Ya kwance robar, ya zare allurar, ya ɗora mini busasshiyar auduga sabuwa ya ce in danne, kada in lanƙwasa hannun don kada jini ya taru a ƙarƙashin fata. Allurar kuwa ko murfinta bai mayar ba, ya jefa ta ta bakin wani kwali mai ruwan ɗorawa da ke gefensa.

Na tambaye shi me ya sa bai rufe ta ba. Ya yi murmushi a karon farko. "Wurin mayar da murfin nan ne yawancinmu muke soke kanmu. Ke sabuwar allura ta taɓa ki. Ni kuwa duk allurar da za ta soke ni, ta riga ta fito daga jikin wani." Daga baya na karanta cewa idan allurar da aka yi wa mai ciwon hanta ta B ta soki ma'aikacin da ba shi da rigakafi, haɗarin kamuwarsa na iya kaiwa kashi 30 cikin 100, na ƙanjamau kuma kusan 3 cikin 1,000. Tun daga ranar nake yi wa masu wannan aiki wani irin kallo.

Amma ban janye maganata a kan safa ba. A inda ake amfani da allura sabuwa daga leda, sakacin da ya rage ba a allurar yake ba, a ƙananan abubuwan da ke kewaye da ita yake: safar da ta yini a hannu ta taɓa wannan ta taɓa wancan, audugar da aka jiƙa tun safe aka bari a buɗe, robar ɗauri da jinin wani ya ɗiga a kai ba a goge ba. Safa idan ba a canza ta, mai sanye da ita kaɗai take karewa. Kuma yawancin mu mata mun fi jin nauyin ɓata wa ma'aikaci rai fiye da tsoron cutar, sai mu yi shiru mu dawo gida muna ƙorafi.

Da na dawo, surukata ta ga auduga a hannuna ta hau salati, wai yaya za a riƙa zuƙe jinin mai ciki, ita da ake so jininta ya ƙaru. Na ce, "Mama, kowace kwalba ba ta wuce cikin cokalin shayi ba." Jikin babban mutum yana ɗauke da jini wajen lita 5, na mai ciki kuma yana ƙaruwa da kusan rabin haka kafin ta haihu. Ta dai ce Allah ya kyauta, ba don ta gamsu ba.

Sakamako ya fito, na kai wa ungozomar nan tawa. Ta mayar da gilashinta ta karanta a hankali. Ciwon hanta babu, ƙanjamau babu, tunjere babu. Na ce alhamdulillahi har sai da hawaye ya zubo mini, Yaya ta fi ni kuka. Ta rubuta mini rigakafin ciwon hanta, allura uku a lokuta daban-daban, ta ce ba ya cutar da ciki. Yawan jinina kuma ya ɗan yi ƙasa da 11, wanda shi ne ma'aunin da ake so mai ciki ta kai, sai ta ƙara jaddada mini shan ƙwayoyin ƙarin jini kullum, ba sai na ga dama ba.

Sai biron nata ya tsaya a layin ƙarshe. Ta zagaye shi sau biyu.

"Jininki O ne, amma negatif. An taɓa gaya miki?"

Na ce a'a. Ta ce ba ciwo ba ne, haka Allah ya halicce ni. Sai dai idan jinin mijina fozitif ne, ɗan cikin zai iya ɗauko nasa, kuma idan jinin jaririn ya gauraya da nawa, jikina zai iya ɗaukarsa baƙo ya haɗa abin yaƙarsa. Cikin fari yakan tsira, na bayansa ne ke shan wahala. Maganin abin wata allura ce da ake kira Anti-D, a yi mini ita wajen sati 28, a sake yi cikin awa 72 bayan haihuwa idan jinin jaririn ya fito fozitif.

Ta yago sabuwar takarda ta rubuta, ta miƙo mini. "Wannan ta maigidanki ce. Ki ce masa ya zo lab da kansa a ɗebi nasa."

Da dare na ajiye masa ita kusa da wayarsa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Ni kuma? Ni ne mai cikin?" Ashe rabon mutumin nan da allura tun yana makarantar firamare. Yadda muka ƙare da shi a kan bencin nan, da abin da ya sa aka yi ta yi masa fifita da katin awona, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.