TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 14: Hular Zuba

Assalamu alaikum jama'a, afuwan na makara wannan satin, wayar ce ta faɗa ruwa. Makon jiya mun tsaya inda aka sallamo ni daga asibiti bayan wata mota ta kaɗe ni a kan babur, da ɗinki bakwai a haɓa, haƙoran gaba guda biyu kuma na baro su a gangaren Kugbo. Masu tambaya ko an kama mai motar, ba'a kama shi ba, ko tsayawa bai yi ba, na bar shi da Allah.

Sati uku ina kwance a ɗakinmu na Mararraba, kunu da shayi da ayaba kawai, ko burodi sai na jiƙa shi ya zama kamar koko. Abokin zamana ne ya ɗauko min hular kwanon da nake sanye da ita ranar ya rataye a ƙusa, kullum in na buɗe ido ita nake fara gani, kuma abin haushin ko ƙwarzane na kirki babu a jikinta, tana nan fes abinta, dan ba ita ta daki kwalta ba, fuskata ce ta daka. Irin rabin hular nan ce mai kama da ƙoƙo wadda kamfani ya haɗo min da babur ranar da na fara aikin kai saƙo, igiyarta ma tun watan farko ta tsinke na ɗaure da waya.

Gaskiya ni duk tsawon hawan babur ɗina ban taɓa saka hular kwano dan kaina ba, dan 'yan Road Safety nake sakawa. Haka muka taso muka gani. Ina JSS a Jos lokacin da aka ce daga 1 ga Janairun 2009 dole kowa ya saka, direba da fasinja, Yayana yana goyin, wato acaɓa, a lokacin tsakanin Terminus da Farin Gada, na tuna yadda farashin hula ya tashi cikin kwana biyu, mutane suka koma kifa ƙwarya da robar fenti da hular 'yan gini, har BBC sai da suka yi labari a kai. Ga kuma jita-jitar cewa in ka saka hular ɗan goyin za'a sace ka ko ka manta kanka, shi yasa mata suke ɗora ta kan gwiwa, in an hango jami'ai a kifa saman ɗankwali, ana wucewa a sauke. A 2012 gwamnatin Jang ta hana goyin a Jos da Bukuru, Yaya ya koma keke napep, hularsa ta zama abin ɗebo gawayi a kicin ɗin Inna. Toh wanda ya tashi a haka me zai ɗauki hula?

Ranar Asabar ɗin sati na huɗu sai ga Kawu daga Dei-Dei, ƙanin Inna ne, katako yake sayarwa. Bai zauna ba ma, ya kama haɓata ya juya ta hagu ya juya dama kamar mai taya rago yace "buɗe bakin". Na buɗe. Ya daɗe yana kallo sannan yace "uwarka ta kira ni jiya tana kuka, tace in ɗauke ka daga babur in saka ka a shago. Ni kuma na san halinka, wata ɗaya za ka yi ka gudu. Tashi saka riga, Zuba za mu."

Nace Kawu ai ina da hula. Ya ɗaga kai ya kalli ƙusa, yace "wannan? Ka aika wa uwarka ta haɗa da ta gawayin."

A hanya ni lissafi kawai nake, dubu shida ce a aljihuna kuma ina ganin ta isa har da canji. Shagon farko da muka shiga an rataye su reras kamar kwakwa, ja da shuɗi da mai zanen wuta, duk masu rufe fuska, yaron shagon ya miƙo min wata baƙa mai ƙyalli da gilashi kamar madubi, wallahi raina ya biya nan take, na saka na kalli kaina a madubin babur na ga kamar ba ni bane mai wawulo. Dubu bakwai da ɗari biyar. Har na fara taya ta, Kawu ya karɓa ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya kama gefe da gefe ya matsa, sai ga ta tana lanƙwashewa kamar bokitin wanka. Ajiyewa yayi bai ce komai ba muka fita.

Can ciki ya kai ni wajen wani tsohon abokin cinikinsa, Ibo ne amma haifaffen Bukuru, Hausarsa irin tamu ce ta Jos sak, yana jin daga Gangare nake sai da ya miƙe ya sake ba ni hannu. Ya kalli bakina yace "ƙanina, ta fuska ka sauka ko?" Nace eh Oga. Yace kullum haka yake gani, in babur ya tsaya kai baka tsaya ba gaba kake tafiya, haɓa ce take fara gaisawa da ƙasa. Na ɗauka zancen ɗan kasuwa ne, sai daga baya na ci karo da binciken wani Bajamushe Dietmar Otte da ya duba hulunan waɗanda suka yi hatsari, kusan kashi 35 cikin ɗari na dukan a wajen haɓa yake sauka. Wato daidai inda tawa hular ba ta da komai sai iska.

Abin da ya fara ɗaukowa ba hula bace, tef ɗin tela ne. Yace cire hular kanka. Ni kuwa da ƙubena nake hawa babur, kwano a samansa, shi yasa kullum babba nake nema. Ya zagaya tef ɗin ta saman girata kaɗan har ƙeya, santimita 57, yace M kake sakawa, ni da duk rayuwata XL nake ɗauka.

Da ya zura min ta farko sai da nayi ƙara dan ɗinkin bai gama warkewa ba, soson ciki ya matse kumatuna har leɓena ya turo gaba kamar bakin tarwaɗa, nace Oga wannan ta min kaɗan. Yayi dariya yace haka ake so, sabon takalmi ne, soson zai kwanta in an kwana biyu. Ya ɗaure igiyar ya bar wajen yatsa biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, sannan ya kama hular da hannu biyu yana juyawa yace in riƙe wuyana, na ji fatar goshina da kumatuna suna bin ta. Ya koma baya ya saka hannu ta ƙeya ya turo ta gaba da ƙarfi kamar zai cire, ta ƙi fita. Sai yace toh saka XL ɗin da kake so. Na saka, na ɗaure, turawa ɗaya yayi sai ga ta ta zamo ta rufe min ido, da ya ƙara ƙarfi a hannunsa za ta tsaya. Yace "ka ga wannan, kafin kanka ya isa ƙasa ita ta riga ka tafiya."

Wajen da ya fi zama min a kai shine da ya ɗauko wata fasasshiya daga ƙarƙashin kanta, yace ajiye ta yake dan irinmu masu gardama. Ya ɓalle soson ciki ya nuna min wani farin abu mai kauri, irin wanda ake samu a kwalin sabon firij amma ya fi shi tauri, yace kwanon waje rarraba duka yake yi ya hana abu huda kai, wannan farin shine yake murƙushewa ya shanye ƙarfin kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Ya danna yatsana a inda ya loɓa, wajen ya kwanta kamar an taka burodi kuma baya tasowa. Sau ɗaya yake aiki. Shi yasa da Kawu ya nuna wasu 'yan beljiyom masu manyan sunaye, AGV da Shoei, a rabin kuɗi, Ogan da kansa yace shi ba zai ba ƙaninsa ba, ba wanda ya san ko wani Bature ya riga ya faɗi da ita, waje lafiya ciki ya mutu, ga shi ma masu ƙera su cewa suke in ta kai wajen shekara biyar ana sakawa a canza.

Ni dai ina ta neman sitikar DOT a baya dan na ji 'yan uwa masu dilibari suna cewa ita ce alamar orijina. Yace DOT ta Amurka ce kuma kamfani ne yake manna wa kansa, a nan kuwa har sitikar kaɗai ana sayarwa, ya ɗaga murya ya kira yaronsa yace in ina so a manna min ɗaya a goshi. Sai ya juyo igiyar ya nuna min wani ɗan farin ƙyalle da aka ɗinke a jiki, da harafin E cikin da'ira da lamba kusa da shi, a ƙasa dogon lambobi da suka fara da 05, sababbin fitowa kuma 06, sannan harafin P. Yace wannan gwajin Turai ne, P ɗin na nufin an gwada wajen haɓar, in ka ga NP toh haɓar ado ce kawai. Ko shi ɗin ana iya yin jabunsa, dan haka ka haɗa da hannunka, ka ji nauyi, ta kirki tana kai kilo ɗaya da rabi ko kusa, ka matsa haɓar ka ji ko tana motsi, ka duba igiya an kafe ta da ƙarfe ko manna ta aka yi.

Kan kala muka yi rigima da Kawu. Ni baƙa nake so da baƙin gilashi, shi yace fara da farin gilashi ko mu tafi gida. Hujjarsa ba ta da amsa, ina dawowa Mararraba bayan isha'i ta Nyanya inda rabin fitilun titi basa ci, da baƙin gilashi rami ma ba zan gani ba balle mai tirela ya gan ni. Ogan ya ƙara da cewa ranar Abuja ta watan Maris in ta samu baƙar hula sai na ji kamar an kifa min tukunya. Ta kamfanin LS2 muka ɗauka fara, mai ƙofofin iska a goshi da haɓa.

Da aka faɗi kuɗi sai da na zauna kan benci, ya kusa albashina na wata. Kawu ya zaro daga aljihun ciki ya ƙirga, ya karɓi dubu shidana ya haɗa, yace sauran bashi ne, duk ƙarshen wata zai aiko yaro.

Ba zan muku ƙarya ba satin farko na tsane ta. Gumi yana bi ta bayan kunnena, in na tsaya a holdof ɗin AYA numfashina ya turare gilashin sai na ɗaga shi kaɗan, ga babbar matsala, da can cusa waya nake tsakanin kunne da hula ina magana da kwastoma ina tafiya, yanzu ko katin waya ba zai shiga wajen ba, dole in faka in cire in amsa, saƙo uku na makara ranar farko. Abokan aiki kuma suka saka min suna ɗan sama jannati.

Ranar Alhamis aka ba ni kai wani ƙunshi wata unguwa mai get a Gwarinpa, na iso ana kiran magariba, na manta ban ɗaga gilashi ba na doshi ƙofa kai tsaye, sai kawai na ga maigadi ya ja da baya ya rarumo gora yana ihu, wasu biyu suka fito daga ɗakin gadi a guje, ni kuma yatsuna sun ruɗe na kasa kwance igiyar nan mai zobe biyu da Oga ya koya min sau uku a Zuba. Wata mota ce ta tsaya a bayana, aka sauke gilashi, muryar mace tace "Malam Baba dakata, bari ya cire mu gani."

Wacece ita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, cajin ya kusa ƙarewa.