Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar Intabiyu

A makon jiya na tsaya inda aka kira ni intabiyu, bayan shekara uku takardar digirina tana kwance a akwati.

Ranar, ƙanena ya ce zai yi mini jagora saboda ba na gani, na ce ya yi zamansa. Na san da zarar masu intabiyun sun gan ni riƙe da kafaɗar yaro, sun gama yanke hukunci tun ban buɗe baki ba. Na ɗauki farar sandata, ina kaɗa ta daidai faɗin kafaɗuna yadda aka koya mana: ƙafar dama ta fita, sanda ta taɓa hagu.

A bakin ƙofa mai gadi ya tare ni. "Malam, sai haƙuri, ba a bara a nan." Har yau maganar tana sukar zuciyata. Na miƙa masa takardar gayyata, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya buɗe.

Mutum uku na tarar, na gane daga motsin kujerunsu. Babbansu ya yi gyaran murya. "Malam, aikin nan fa na kwamfuta ne."

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma."

Na ciro filashi mai ɗauke da NVDA, manhajar da ke karanta wa makaho duk abin da ke kan allo. Kyauta ce, kuma makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina ta tun daga 2006. Allah ya saka musu, don ba kowane makaho ke da kuɗin sayen JAWS, wata manhaja irinta ta sayarwa, ba. Na roƙi a kashe allon gaba ɗaya. Yatsuna suka lalubo 'yan ƙullutun nan na kan maɓallan F da J, waɗanda masu ido da yawa ba su taɓa lura da su ba, muryar manhajar ta fara zuba da gudu.

"Kana fahimtar wannan surutun?" in ji wata mata a gefen hagu. Na rage saurin don su ma su ji. Suka yi mini shiftar wasiƙa, na buga, na sa manhajar ta karanto musu. Da aka kunna allon, na ji ƙarar kujeru uku sun matso.

"Je ka, za mu neme ka."

Kwana arba'in ina jiran wayar nan. Abin da ya biyo baya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.